Dambe a hannun kamfanoni: Wasan Katsina na 2024 da abin da yake nunawa

A watan Janairun shekara ta 2024 wani kamfani mai zaman kansa ya shirya gagarumin wasan dambe a birnin Katsina, inda wani Bature ɗan ƙasar Ingila ya ɗaura zare, ya shiga fage, ya kara da ɗan damben Hausa.

Kamfanin da ya shirya wasan shi ne African Warriors Fighting Championship, wanda ake taƙaita sunansa da AWFC, ya kuma yi wa wasan laƙabi da King of Dambe, wato Sarkin Dambe.

Baturen, mai suna Luke Leyland, ya fito ne daga birnin Libaful, kuma masu shirya wasan sun bayyana shi a matsayin Bature na farko da ya shiga irin wannan gasa. Abokin karawarsa shi ne Shagon Yalo, wanda kuma shi ne ya yi nasara.

Muhimmancin wasan bai tsaya ga wanda ya yi nasara ba. Ya nuna a fili cewa dambe, wanda aka sani da wasan mahauta a lokacin kaka, ya zama haja da kamfanoni ke shiryawa, suna ɗauka a bidiyo, suna sayar wa duniya.

Wannan sauyi ya zo da kuɗi da suna. Ya kuma zo da tambayoyi game da lafiyar 'yan damben, da rabon da suke samu, da kuma wanda zai riƙa tsara dokokin wasan.

Yadda ake dambe

Shi dai dambe wasa ne na mutum biyu, kuma naushin da ake yi a cikinsa na gaske ne.

Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, sannan a ɗaure shi tam da zare har ya yi tauri. Wannan hannu shi ne mashinsa. Ɗaya hannun kuma yakan miƙa shi gaba a buɗe domin kare kai da auna tazara, shi ne garkuwarsa. An kuma yarda a kai duka da ƙafa.

Bisa al'ada turmi uku ake yi. Idan ɗan wasa ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, to an kashe shi ke nan, kamar yadda 'yan dambe ke faɗa, wato an yi galaba a kansa. Idan aka gama turmi ukun kowa yana tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su.

A da can wasu sukan ɗaura akayau na ƙarfe a ƙafa, ana kuma ba da labarin masu barbaɗa garin kwalba a jikin zare domin ya yi yanka. Waɗannan abubuwa an haramta su a wasannin da aka tsara.

'Yan dambe sun kasu zuwa ɓangarori, waɗanda suka fi shahara su ne Kudu da Arewa da Guramaɗa, akwai kuma Jamus. Ɗan wasa ba ya dambe da ɗan ɓangarensa, domin ana ɗaukarsu 'yan gida ɗaya.

Sunayensu ma suna nuna wannan tsari na gida da maigida. Wanda ake kira Shagon wane, ko Garkuwan wane, ko Autan wane, an jingina shi ne ga wanda ya raine shi a dambe. Bahago kuwa shi ne mai naushi da hannun hagu.

Ba a raba dambe da kiɗa. Makaɗa da maroƙa su ne ke zuga ɗan wasa, shi kuma ya fito ya yi kirari kafin a sa zare. A cikin mawaƙan dambe babu wanda ya yi suna kamar Muhammadu Bawa Ɗan Anace na ƙasar Sakkwato, wanda waƙarsa ta sa sunan Shago da na Ɗandunawa suka wanzu a bakin Hausawa.

Daga filin kaka zuwa gidan dambe

Tarihin dambe yana haɗe da sana'ar fawa. Mahauta su ne suka fi shahara da shi, kamar yadda suka shahara da hawan ƙaho, kuma sukan bi gari gari bayan an kawar da amfanin gona, suna yanka dabbobi a wuraren bukukuwa, suna kuma karawa da samarin garin da suka sauka.

Dalilin zaɓen kaka ba ɓoyayye ba ne. A karkarar Kano, alal misali a garuruwa irin su Achika da Utai da Darki da ke ƙaramar hukumar Wudil, sai bayan girbi ne manomi ke samun sukuni da abin hannu, a lokacin ne kuma aka fi yin aure da sauran shagulgula.

Ita kanta Wudil, da kasuwarta ta ranar Juma'a da kuma karar shanunta da ta yi suna a duk faɗin Najeriya, tana cikin irin wuraren da mahauta da fatake ke haɗuwa daga nesa. Ta irin waɗannan hanyoyi na kasuwanci ne labarin gwanayen dambe ke yaɗuwa tun kafin zuwan rediyo.

A irin wancan dambe na ƙauye babu kuɗin shiga. Ladan ɗan wasa shi ne suna, da kyautar da masu kallo suka ba shi, da girmamawar da zai samu a garinsu.

Da birane suka bunƙasa, sai dambe ya koma cikin gidaje da aka kewaye, inda ake biyan kuɗi a ƙofa, ana kuma yin wasa a kowane lokaci na shekara. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai filin Ado Bayero da ke Sabon Gari a Kano, da gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, da kuma na Idris Bambarewa da ke Marabar Nyanya a jihar Nasarawa.

A nan ne aka fara ganin damben gasa, wanda akan sa babur ko mota, har ma aka riƙa cewa damben mota. Ita ma hukuma ta shigar da dambe cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, tare da kokawa da langa.

Ke nan tun kafin zuwan kamfanonin zamani, dambe ya riga ya zama sana'a a hannun mutane masu zaman kansu. Abin da ya sauya daga baya shi ne girman kasuwar da kuma nisan masu kallo.

Shigowar kamfanoni

Wayar salula da intanet su ne suka buɗe wannan sabon babi. A shekara ta 2017 wasu matasa biyu, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka fara sanya hotunan bidiyo na dambe a YouTube da sunan Dambe Warriors, kuma miliyoyin mutane suka kalla, da yawansu daga wajen Najeriya. A shekara ta 2023 aka mayar da wannan suna na wata gasa mai ajin nauyi daban daban.

Shi kuwa kamfanin AWFC, wani ɗan Najeriya da ya tashi a Birtaniya mai suna Maxwell Kalu ne ya kafa shi, ya kuma fara shirya wasanni a Legas a shekara ta 2019.

A wannan shekarar ce 'yan asalin Najeriya biyu, Kamaru Usman da Israel Adesanya, suka zama zakarun duniya a gasar UFC ta Amurka, abin da ya ƙara jawo hankalin masu zuba jari ga wasannin faɗa na Afirka.

Kamfanonin sun shigo da wasu sauye-sauye. Sun ƙayyade tsawon lokacin kowane turmi, sun raba 'yan wasa bisa nauyinsu, sun sa alƙalai masu ba da maki domin a sami wanda ya yi nasara ko da babu kisa, sun kuma tanadi ma'aikatan lafiya a bakin fage.

Wasan Katsina ya zo ne a tsakiyar wannan yunƙuri. Kawo baƙo daga Turai ya sa kafofin watsa labarai na ƙasashen waje suka ba da labarin, ya kuma gwada cewa ana iya sayar da dambe a matsayin karawa tsakanin Najeriya da sauran duniya.

A shekara ta 2025 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da DAZN, mai nuna wasanni ta intanet a ƙasashe da dama, domin watsa jerin wasannin da aka kira Dambe World Series, inda 'yan damben Najeriya ke karawa da baƙi.

Abin da ya faru a Amurka

Ba dambe ne wasa na farko da ƙaramin kamfani ya yi ƙoƙarin fitarwa daga ƙaramin fage zuwa idon duniya ta hanyar tallata tsananinsa ba. Tarihin kokawar Turawa, wadda aka fi sani da resilin, yana da misali da ya kamata a sani.

Akwai bambanci babba tsakanin wasannin biyu. A resilin ana shirya wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fage. Kamfanin WWF da kansa ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey a shekara ta 1989 cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, domin ya kauce wa dokokin hukumar wasanni. Amma duk da haka faɗuwar da raunin na gaske ne.

A shekara ta 1992 wani ɗan kasuwa mai suna Tod Gordon ya kafa ƙaramin kamfanin resilin a birnin Filadelfiya. A 1994 aka sauya masa suna zuwa Extreme Championship Wrestling, wato ECW, daga bisani kuma ya koma hannun Paul Heyman.

Da yake ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da manyan kamfanoni, sai ya zaɓi ya sayar da abin da su ba sa nunawa, wato duka da kujerun ƙarfe, da farfasa tebura da jikin mutum, da waya mai ƙaya, da zubar da jini. Ya koyi wani ɓangare na wannan salo ne daga Japan, inda Atsushi Onita ya kafa kamfanin FMW a shekara ta 1989.

A watan Nuwamban 1996, a garin Revere na jihar Massachusetts, wani yaro ɗan shekara 17 ya ɓoye shekarunsa aka sa shi a wasa, aka yanke shi a goshi, ya zubar da jini mai yawa har aka garzaya da shi asibiti. Wannan ya sa kamfanin da zai watsa babban wasan ECW ya janye na wani lokaci.

Daga baya aka sasanta, kuma a ranar 13 ga watan Afrilun 1997 aka yi wasan da aka kira Barely Legal a wani tsohon zaure da ke Filadelfiya, a gaban mutanen da ba su fi dubu da 'yan kai ba. Shi ne karo na farko da aka nuna ECW a talabijin bisa tsarin biya ka kalla. A daren ne Terry Funk, yana da shekara 52, ya doke Raven ya karɓi kambun kamfanin.

Wasan ya ɗaukaka sunan ECW, manyan kamfanoni kuma suka kwaikwayi salonsa, suka riƙa janye gwanayensa da albashi mai tsoka. A watan Afrilun 2001 kamfanin ya bayyana karyewar jarinsa, 'yan wasa da dama suna binsa bashin haƙƙinsu. A 2003 kamfanin WWE ya mallaki sunan da hotunan bidiyon, ya ci gaba da cin ribarsu.

Darasin a nan guda biyu ne. Idan tsanani shi ne abin da ake sayarwa, masu kallo za su riƙa neman ƙari. Sannan kuma bidiyon yakan daɗe yana kawo kuɗi, alhali wanda ya zubar da jinin an riga an sallame shi.

Batun lafiya

Raunukan da ake gani a dambe sun haɗa da fashewar fuska, da zubewar haƙori, da karayar muƙamuƙi ko hanci, da lalacewar ido. Hannun da aka ɗaure da zare ba shi da laushin safar damben zamani, kuma ɗan wasa ba ya sa komai a kansa.

To sai dai likitoci sun fi damuwa da raunin da ba a gani, wato girgizar ƙwaƙwalwa. Naushin da ke sa mutum ya faɗi sumamme, wanda shi ne 'yan kallo suka fi yi wa sowa, yana nufin ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai.

Idan hakan ya yi ta maimaituwa, musamman idan mutum ya koma fage kafin ya warke, yana iya haifar da mantuwa, da rawar jiki, da nauyin baki, da sauyin hali bayan shekaru. Tun a shekara ta 1983 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta yi kira da a hana damben zamani saboda wannan dalili.

A fagen resilin ma an ga haka. Bayan da Chris Benoit, wanda ya taɓa wasa a ECW, ya kashe matarsa da ɗansa sannan ya kashe kansa a shekara ta 2007, binciken da aka yi wa ƙwaƙwalwarsa ya nuna mummunar lalacewa irin wadda yawan bugu a kai ke haddasawa.

A hukumomin damben zamani, wanda aka sumar akan dakatar da shi na wasu makonni, sai likita ya duba shi kafin ya dawo. A dambe kuwa, ɗan wasa yana iya yin wasa a wannan gida yau, ya tafi wani gari ya sake sa zare bayan 'yan kwanaki, tun da abincinsa ya dogara ne ga yawan fitowarsa.

Saboda haka likitan da kamfani ya ajiye a bakin fage a ranar babban wasa yana da amfani, amma bai wadatar ba, muddin babu rajista guda da ke bin tarihin raunin kowane ɗan wasa a duk inda ya je.

Ra'ayin malamai

Da yake galibin 'yan dambe da masu kallonsa Musulmi ne, matsayin wasan a addini ya daɗe yana jawo muhawara.

Malamai ba su da saɓani a kan halaccin kokawar da babu cutarwa a cikinta, suna kafa hujja da ruwayar da ta nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kuma kayar da shi.

Inda matsalar take shi ne dukan fuska, wanda hadisi ya yi hani da shi, da kuma jefa kai cikin halaka. A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a shekara ta 1987, ta yanke cewa damben zamani da kokawar da ake halatta cutar da juna a cikinta haramun ne.

Akwai kuma batun layu da guraye da tsagar magani a hannu, waɗanda wasu 'yan dambe ke dogara da su, malamai kuma suke suka.

Zuwan kamfanoni ya ƙaro wani batu, wato caca. Kamfanonin caca ta intanet suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin wasannin faɗa a duniya, kuma ɗaya daga cikinsu, mai suna Stake, ya ɗauki nauyin wasannin AWFC. A jihohi irin su Kano da Katsina, waɗanda suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Masu kare dambe kuwa suna cewa al'ada ce da aka gada, tana koyar da jarumtaka da juriya, tana kuma ciyar da gidaje masu yawa, daga 'yan wasa zuwa makaɗa da masu sayar da abinci a bakin fage. A ganinsu gyara ya fi hani.

Haƙƙin ɗan wasa

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta rabo. A gidan dambe ɗan wasa yana ganin jama'ar da suka shigo, yana iya ƙiyasta abin da aka tara a ƙofa. Amma idan masu kallo suna Burazil ko Amurka, kuɗin kuma yana shigowa ta hanyar talla da yarjejeniyar watsa wasa, ba shi da hanyar sanin abin da wasansa ya kawo.

Da yawa daga cikin 'yan dambe ba su yi zurfi a karatun boko ba, ga shi kuma irin waɗannan takardun yarjejeniya da Turanci aka saba rubuta su. Wanda zai sa hannu yana bukatar ya san tsawon lokacin da aka ɗaure shi, da ko an hana shi wasa a wani gida, da wanda zai biya kuɗin magani idan ya ji rauni, da kuma wanda ya mallaki hotonsa.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. A shekara ta 2000 Amurka ta kafa dokar da aka sa wa sunan Muhammad Ali, wadda ta tilasta wa masu shirya damben zamani su bayyana wa ɗan wasa kuɗin da suka samu daga wasansa.

A Senegal, inda kokawa mai haɗe da naushi ta zama babbar sana'a a hannun 'yan kasuwa, gwamnati ta kafa kwamitin kula da wasan a shekara ta 1994, mai ba da lasisi da hukunta masu karya doka, aka kuma buɗe babban filin kokawa na ƙasa a Pikine a 2018.

A jamhuriyar Nijar kuwa hukuma ce da kanta ke shirya gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a shekara ta 1975, ana kuma zagayawa da ita jiha jiha.

Dambe bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba tukuna. Yana tafiya ne a matakai uku a lokaci guda, wato filin ƙauye, da gidan dambe na birni, da dandalin kamfani, kuma sau da yawa ɗan wasa guda ne ke zagaya dukkansu.

Wasan Katsina ya tabbatar da cewa akwai masu son kallon dambe a wajen ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne a ga ko hukumomin wasanni, da sarakunan dambe, da masu gidaje, da kamfanonin za su amince da doka guda a kan gwajin lafiya, da hutun wanda aka sumar, da mafi ƙarancin shekarun shiga fage, da kuma rabon kuɗi.

Idan ba a yi haka ba, saurayin da ya bar gonar mahaifinsa ya tafi birni neman suna da zare a hannu shi ne zai ɗauki mafi yawan haɗarin, ya kuma tashi da mafi ƙarancin ribar.